Nonon Ummu

Kebbe. Litinin, 4 ga Mayu 1964, bayan la'asar

Zan rubuta abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina son wani. Sunansa Ladan, ɗan farin Ummu, Bafillatanar da ke kawo mana nono daga rugar hanyar Fakku. Shanunsu ke kwana a gonar Baba da rani don taki. Sau ɗaya tak ya taɓa yi mini magana, ranar da na kai wa Baba fura gona na bi ta bayan wata jar saniya. Ya ce, "Matsa, ɗiyar Malam, waccan shuri taka yi." Shi ke nan. A littattafan soyayya na Turanci da 'yan babban aji ke ba mu aro a makaranta, daga irin wannan ake somawa. Sai dai su doki ne ke neman shurin yarinyar, ba saniya ba.

Na rubuta wannan ne don in samu abin rubutawa wanda ba zancen Inna ba. Ga shi kuma na dawo kansa.

An koma makaranta Sakkwato, ni ban koma ba. Baba ya ce, "Zahara'u, sai gida ya natsu." Inna ta haifi ƙanena Ibrahimu kafin Babbar Sallah, muna ce masa Iro. Tun bayan suna ta juya wa ɗaki baya, bango kawai take kallo. Kaka Tambaya, uwar Baba, ta tatsi nononta a ludayi ta saka kiyashi, kiyashin ya mutu, ta ce nonon ya ɓaci, aka hana Iro sha. Yanzu ma ya ƙafe. Nonon akuya yake sha, yana amayarwa.

Tun ranar da aka janyo Inna daga bakin rijiya Baba ya sa aka yi wa rijiyar murfi da kwaɗo. Mabuɗin na wuyan Kaka. Ba ma zancen ranar.

Laraba, 6 ga Mayu, da hantsi

Wata mace ta zo a motar En'e daga Tambuwal. Malama Atu, mai kula da mata da yara. Duk Kebbe an san zancenta: an ce in ta shiga gida sai ta fito da yaro, a kai shi Sakkwato, ya dawo bai san uwarsa ba. Ban san wa ya kai mata labarinmu ba.

Na leƙa ta ramin katangar zaure. Na zaci zan ga doguwa mai tabarau da littafi a hannu. Gajeriya ce, da ɗan furfura a gefen kallabi. Jakarta ma a mota ta bar ta. Ta cire takalmi tun daga waje, ta durƙusa ta gaida Baba kamar surukinta.

Baba ya ce, "Ba mu kira kowa ba. Gidan ga lafiya lau shike."

Daidai nan Iro ya tsala kuka daga ciki, irin kukan nan nasa mai kama da na mage. Wallahi Malama ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Alhamdu lillahi, haka muka so. To Malam, a taimake ni da ruwa, zafin ga ya kai ni ƙasa."

Ni na kai mata. Garin miƙawa ya zuba mata a zane. Ta ce, "Madalla, kin fara mini wanka." Ta sha, ta tambayi Baba ko ya gama sharar gona, ko yana ganin alamar ruwa a gabas. Baba da ba ya son magana sai ga shi yana ba ta labarin irin geron da ya ajiye. Ta yi godiya, ta tafi.

Ba ta tambayi yaron ba. Ta ji shi, na san ta ji shi.

Kaka ta ce, "Haka kura taka yi, sai ta zagaya garke tukuna."

Alhamis, da azahar

Inna ba ta ci ba. Iro ya yi zawo. Ban ga shanu ba yau.

Laraba, 13 ga Mayu, bayan azahar

Malama Atu ta dawo. Wannan karon tana ɗingishi, ta ce wa Baba ba wajensa ta zo ba, wajen tsohuwa ta zo, an ce duk ƙasar nan ba mai maganin sanyin gwiwa kamarta. Gaskiya ne kuwa, har daga Sanyinna ana zuwa wajen Kaka. Baba ya ce ta shiga.

Kaka na tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke da kika da allura da Turawa, mi kika nema wurin jahila?"

"Allura ta ƙi gwiwar ga, Iya. Turawan ma sun ƙi ta."

"To zauna, Gwamnati."

Ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafa. Gwiwar a kumbure take da gaske, na gani da idona. Kaka ta murza ta da man shanu da wani gari, ta murza da ƙarfi da gangan, Malama na cewa wayyo Iya za ki kashe ma'aikacin En'e, Kaka na cewa ai da an rage mugun iri. Rabon da in ji dariyar Kaka tun kafin suna.

Daga nan Malama ta ja kwandon gyaɗa ta kama ɓara. Ɗakin Inna na gabanta, labule a sake. Iro na bayana a goye, na ji numfashinsa a wuyana, ɗumi-ɗumi, sama-sama. Na yi ta addu'a ta ce in kwanto shi. Na yi ta addu'a kada ta ce. Ba ta ce ba. Ni ta tambaya: ajina nawa, me nake son karantawa. Na ce lissafi. Ƙarya na yi. Ta dube ni ta yi murmushi ta ce ita lokacin da take kamar ni labaran masoya take so, a ɓoye.

Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige.

Da za ta tafi na raka ta bakin zaure. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na ce, "Malama, ba ki duba shi ba." Ta ce, "Na duba shi, ɗiyata, tun da kika juya. Yau zai kai gobe in Allah ya so, da ba haka ba da ban fita ba. In na fizge shi yau, gobe wa zai buɗe mini ƙofa?" Ta ce in riƙa tafasa ruwan da nake dama masa, in ba shi da cokali kaɗan-kaɗan. Ta ce in gaya wa Kaka ita ta ce, kada in ɓoye.

Na gaya wa Kaka. Ta ce, "Tafasa ruwa kuma wani ilimi na?" Amma ita ta hura wutar.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Maɗigar Iro ta faɗa. Kaka ta shafa ta, ta shafa. Na hango Ladan daga nesa da sandarsa a wuya. A littafi da sai ya waiwayo.

Asabar, 16 ga Mayu, da yamma

Ba ranar zuwanta ba ce, amma ta zo, wai a sake murza gwiwa. Kaka ba ta ɗauko man ba. Ta kwance Iro daga bayana da hannunta, ta ɗora shi a cinyar Malama, ta ce, "Ke, bar zancen gwiwa. Duba min wanga."

Malama ta tare shi da hannu biyu tun kafin a gama ajiye shi. Ashe ita ma jira take.

Ta duba idonsa, ta ja fatar cikinsa, ta saurari ƙirjinsa. Ba ta ce wa Kaka kiyashinki ƙarya ne ba. Cewa ta yi, "Iya, ke kinka riƙe shi har yau, da ba ke ba da wani zancen aka yi. Amma cikinsa bai son na akuya." Ta nemi a kira Baba.

Baba ya tsaya daga bakin ƙofa. Muryarsa ba irin tasa ba. Ya ce, "Ki gaya mini gaskiya. Ɗauke shi za ki yi? Ita kuma uwar, can za ku kai ta inda aka sa wa mutane mari a ƙafa?"

Ta ce, "Malam, ba ni yi maka alkawarin abin da ba hannuna shike ba. Rai na Allah na. Amma ba ni yin komi a gidan ga a bayan idonka. In na ga abin da ya fi ƙarfinmu, kai za ni fara gaya wa, a zauren ga, kafin kowa."

Baba ya tako ciki, ya zauna. Sannan ya gaya mata zancen rijiya. Duka. Ni na koma madafa na toshe kunne, na riga na sani, ina wurin.

Da na fito sai na tarar ta shiga ɗakin Inna. Na tsaya a labule. Ba ta tambaye ta komai ba. Ta zauna a bayanta, ita ma tana kallon bangon, kamar akwai abin kallo a jiki. Can ta ce, "Kitson ga ya tsufa." Ta kama tsefewa a hankali. Inna da ko ni ba ta bari in taɓa ta. Ta tsefe, ta shafa mai, ta kama yi mata sabo, tana wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Da ta kai tsakiya Inna ta ce, "Kin ja da yawa."

Magana. Inna ta yi magana.

Malama ta ce, "Yi haƙuri, hannun ma'aikaci na." Ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. Ni kuwa na zauna a ƙasa na yi ta kuka ba sauti. A littattafai mutum yakan fasa ƙofa ya ceci wani. Ban taɓa karanta wanda ya zauna ya yi kitso ba.

Tambuwal. Talata, 19 ga Mayu, da la'asar

Baba ya yarda a kawo Iro ɗakin shan magani, da sharaɗin Kaka na riƙe da shi. Ta riƙe shi kuwa tun daga Kebbe, duk ramukan hanyar nan, tana zagin Ɗangiwa direba wai da gangan yake faɗawa. Ya ce, "Iya, ni ma da jaki nika so." An auna Iro a wani sikeli kamar na auduga. An ba mu madarar gwangwani da magani. Da aka gama Malama ta miƙa wa Kaka shi ta ce, "Ga kayanki, Iya, ƙirga yatsun." Kaka ta ƙirga. Da gaske ta ƙirga.

A gidan Malama muka sauka. Ɗaki ɗaya ne da rumfa, da akwatin rediyo. Ba yara. Ban tambaya ba.

Ta ce madarar za ta riƙe shi, amma ba za ta tashe shi ba, abin da yake bukata mace ce mai shayarwa. Ta ce tun ranar Asabar ta nemi izinin Baba ta nema, ya ce ta nemo a gani, kuma ta yi masa alkawari ba za ta faɗi abin da ke damun Inna ba, sai dai ta ce ba ta da lafiya. Na ji daɗi har na kasa cin tuwo.

Ina so in zama irinta. Wannan ma ban faɗa wa kowa ba.

Kebbe. Juma'a, 22 ga Mayu, da hantsi

Ɗangiwa ya kawo takarda. Ya ce Malama ta ce a hannuna zai sa, ni ke karanta wa Baba boko. Ita ba za ta zo ba sai an kwana biyu, ƙyanda ta ɓarke a Sanyinna, ba ta son ta ɗauko ta ta kawo wa Iro. Baba na gona. Na buɗe don in gyara bakina kafin ya dawo.

Ta samu mai shayarwa. Ummu.

Ta rubuta cewa Ummu na goyon 'yar wata biyar, nono ya ishe su su biyu, ta yarda, mijinta ma ya yarda. Amma ruga za ta tashi da ruwan farko. In Baba zai ba su aron saurarsa ta bayan gari, gonar da ya bari ta huta, su yi damina a nan, gidan Ummu za su tsaya. In ba su ji daga gare shi ba, za su bi sauran. A ƙarshe ta rubuta: "Shawara ce, ba umarni ba. Gidanku ne, ɗanku ne."

Na karanta sau biyu kafin abin ya faɗo mini. An koya mana a darasin addini: abin da jini ya haramta, nono ma na haramta shi. In Iro ya sha nonon Ummu ya zama ɗanta, ya zama ƙanen Ladan. Iro kuwa ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. To ni da Ladan mun zama me?

Wa zan tambaya? Duk wanda na tambaya ya gane.

Baba ya dawo ya ce ya ga tayar mota a ƙofa. Na ce Ɗangiwa ne, ya kawo gaisuwa. Ai ya kawo gaisuwar.

Asabar, da azahar

Takardar na cikin littafina na soyayya, a shafin da suka haɗu. Iro ya amayar da madarar safe.

Lahadi, 24 ga Mayu, da hantsi

Ummu ta kawo nono. Ta sauke ƙwarya, 'yarta a baya, ƙatuwa, kumatu kamar an hura. Ta auna wa Kaka ludayi uku ta ƙara gyara fiye da kullum. Ba ta ce komai ba, Fulani ba sa fara irin wannan magana, jira take a yi mata. Amma idonta na kan Iro a bayana. Da ya yi kukan nan nasa sai na ga gaban rigarta ya jiƙe. Ta ja zane ta rufe, ta ce, "Hadari na haɗuwa gabas, ɗiyar Malam." Ta ɗauki ƙwarya.

Na raka ta da ido har ta sha kwana.

Na ce wa kaina wata za a samu. Kebbe cike take da masu goyo. Na ce wa kaina madara na nan. Na ce wa kaina Malama za ta dawo ta faɗa da bakinta, ba ruwana.

Ladan bai ma san sunana ba. Ɗiyar Malam yake cewa.

Da la'asar

An yi iska, ba a yi ruwa ba. Na ji daɗi da ba a yi ba, sannan na ji kunyar dalilin.

Litinin, 25 ga Mayu, kafin magariba

Yau ina ba Iro madara a ƙofar ɗakin Inna, cokali-cokali yadda aka koya mini, yana turowa da harshe. Sai na ji an ce, "Miƙo shi." Na waiga. Inna ce, ta juyo daga bango, kitson Malama na kanta har ya fara tashi. Na dubi Kaka. Kaka ta kama mabuɗin wuyanta, sannan ta gyaɗa kai.

Ta karɓe shi. Ta riƙe shi nesa da jikinta kamar kwanon aro. Ta ce, "Ba shi da nauyi." Ta kai shi ƙirjinta, ya lalubo, ya kama, ya ja, ya ja. Ba komai. Ya saki ya yi kuka. Inna ta dube ni, ido cikin ido, karo na farko tun ranar nan, ta ce, "Zahara'u, ba wadda za ta ba shi?"

Na karɓe shi na ba Kaka, na shigo nan.

Na yi ta tunanin Malama. Za ta iya ba Ɗangiwa saƙon baki ya faɗa wa Baba a gona. Za ta iya aika wa malamin makarantar gari ya karanta masa. Ni ta ce a ba. Ta zauna a zaurenmu ta sha ruwa ta tafi, ta bar Kaka ta murje mata gwiwa, ta yi ta jira har aka miƙa mata yaro da hannu. Ta ce ba ta yin komai a gidan nan a bayan idon Baba. Ita baƙuwa ta riƙe wannan, ni 'yar gida na ɓoye masa takarda a littafin soyayya.

Ko ta gane zancen Ladan? Ban sani ba. Mai ganin yaro a goye ba tare da ta duba ba, ban san abin da ba ta gani ba.

Wataƙila hukuncin ba yadda na fahimta yake ba. Wataƙila haka yake. In na koma makaranta zan rubuta tambayar a 'yar takarda ba suna in ajiye wa malamin addini. Amma ba zan jira amsa ba. Gabas ta yi baƙi ƙirin, ƙanshin ƙasa na shigowa ta taga, wani wuri kusa an riga an yi ruwa. In ruga ta tashi gobe da safe, ba littafin da zai dawo da ita.

Za su yi damina a saurarmu. Kullum zan gan shi, kusa, fiye da yadda na taɓa roƙo. Na gwada a bakina, a hankali, don in ji: Yaya Ladan.

Da ɗaci. Amma ya faɗu.

Zan gaya wa Baba tun Juma'a takardar ta zo, kada ya ji daga bakin Ɗangiwa. In ya tambayi dalili zan ce ba zan iya faɗa ba, ya yi mini duk abin da ya ga dama. Na ciro ta daga littafin, na miƙe inda ta lanƙwashe. Ina jin tarinsa a zaure, yana alwala.

Bari in same shi kafin ya tada salla.